Ranar da Oga Ya Faɗi

Kowa a layinsu Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta nesa ba kusa ba. Tun rasuwar mahaifiyarsu ita ce uwa ita ce uba ga ƙaninta, shi kuma ba ya buɗe baki sau biyu bai ce "Yaya" ba, har sunan ya bi ta. Guga take yi a wani shagon wanki da ke bayan tashar mota. Ƙanin nata Dogo ake kiransa, saurayi ne mai tsawo da barkwanci, wanda in ya kwaikwayi tafiyar mutum sai ka waiga ka ga ko mutumin ne ya shigo.

Dogo yana da farfaɗiya tun yana ƙarami. Yana shan magani, kuma takan yi watanni ba ta taso masa ba. A gidan burodin da yake aikin kwaɓa fulawa babu wanda ya sani, sai ranar da ta kayar da shi a gefen teburin kwaɓi. Mai gidan burodin, wanda ma'aikata ke kira Oga, ya sa aka kwashe kwaɓin ranar gaba ɗaya aka zubar, har da wanda Dogo bai taɓa ba. Abokan aikinsa da suke shan ruwa a kofi ɗaya da shi suka tsaya a bakin ƙofa suna toshe hanci, wai in yawunsa ya taɓa ka ko ka shaƙi numfashinsa, kai ma ka ɗauka. Da ya farfaɗo ya tarar an ajiye masa rigarsa da takalmansa a waje.

Ta taga Oga ya yi masa magana. "Ba ƙin ka nake yi ba, Dogo. Abinci muke yi. In mutane suka ji, wa zai sayi burodina?"

Daga nan Dogo ya koma zaman gida. Don kada tunani ya cinye shi, Yaya ta riƙa tafiya da shi shago yana taya ta ninke kaya. A can suka haɗu da Malama.

Malama tsohuwar malamar makaranta ce da ta bar aji ta kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ta kawo kayan wasa ne a goge mata: rigar likita, wandon ɗan sanda, da wata ƙatuwar riga da ake cusa wa matashi a ciki don a yi tumbi. Dogo ya ɗaga rigar ya kara a jikinsa, ya turo ciki gaba, ya fara taku irin na Oga, yana kaɗa makullan ƙarya a yatsa yana sakace haƙori. Malama ba ta san Oga ba, amma ta yi dariya har ta dafa teburin guga.

"Wa kake kwaikwaya haka?"

"Wanda ya kore ni," in ji Dogo.

Yaya ta harare shi, amma bakin ya riga ya buɗe. Ya ba Malama labarin tun daga farko, yana dariya a inda bai kamata a yi dariya ba. Malama ta saurara har ya gama, sannan ta bayyana musu irin wasan da suke yi.

"Mu ba ma ƙarasa wasa," ta ce. "Mukan nuna abin da ya faru da wani, har zuwa inda aka zalunce shi. Sai mu sake daga farko. Duk wanda ya ga abin da bai yi masa daɗi ba a cikin 'yan kallo, sai ya ce 'Tsaya', ya shigo fili, ya karɓi matsayin ɗaya daga cikinmu ya nuna yadda shi zai yi. Mutum in ya gwada abu da hannunsa, ba ya mantawa kamar wanda aka yi wa lacca."

Yaya ta ci gaba da guga ba ta ɗago ba. "Malama, mu rufin asiri muke nema, ba a tara mana jama'a ba."

"Yaya, wane asiri ya saura?" in ji Dogo. "Duk unguwar nan an sani. Abin da ba a sani ba shi ne ba a ɗauka."

A gida suka yi ta ja. Abin da ya karya mata gwiwa shi ne yadda ya koma cin abinci sosai tun ranar, yana wanka da wuri, yana waƙa a banɗaki. Ta amince, amma da sharaɗi ɗaya da ta je har wurin gwaji ta faɗa wa Malama ido da ido: Dogo ba zai kwanta a ƙasa yana shure-shure a gaban mutane ba, ko da wasa.

"Ni ma ban yi niyyar sa shi ba," in ji Malama.

"Ai ni Oga zan fito," Dogo ya ce. "Na fi shi iya kansa."

A wani aji na makarantar firamare suke gwaji, bayan an tashi yara. Wani direban tasi da ake kira Gajere shi ya ɗauki matsayin ma'aikacin da ke faɗuwa. Akwai kuma wata nas a ƙungiyar, wadda aikinta shi ne ta yi bayani in an tsayar da wasa. Yaya takan biya ta wurin in ta tashi daga aiki, ta zauna a bencin yara gwiwoyinta na taɓa tebur, tana kallon ƙaninta yana korar Gajere da kalmomin da aka kore shi da su. Bai sauya ko ɗaya ba. Duk lokacin da ya ce "Abinci muke yi", sai ta kawar da kai, su kuma 'yan ƙungiyar suna tafi.

Aka sa ranar wasa a babbar rumfar kwano da ke tsakiyar tasha, da yamma, lokacin da motoci ke jiran cika. Dogo ya yi ta zumuɗi har barci ya ƙaurace masa a kwanakin. Yaya da kanta ta miƙa masa magani da safe, ta tsaya har ya haɗiye.

Jama'a sun taru fiye da yadda aka zata. Direbobi, masu dako, mata masu talla, fasinjoji da jakunkunansu a cinya. Rana ta gasa kwanon rumfar, zafi na saukowa kamar daga murhu. Yaya ta samu wuri a baya, kusa da ginshiƙi. Daga nan ta hango ma'aikatan gidan burodin sun zo a ƙungiya, fulawa ba ta gama fita daga gashin kansu ba. A gabansu akwai babbansu, wanda suke tsokana da Sarkin Tanderu domin shi ke kula da wuta. Shi ne ya koya wa Dogo aiki, kuma shi ne ya fitar masa da takalma waje.

Wasan ya karɓu. Da Dogo ya fito da tumbinsa da makullansa, ma'aikatan burodin suka fara dukan juna don dariya. Gajere ya faɗi, sauran 'yan wasa suka gudu suna toshe hanci, Oga ya yi korarsa ta taga. Dariyar ta ragu. Malama ta fito tsakiyar fili ta ce za a sake, kuma wannan karon fili na kowa ne.

Da Gajere ya sake faɗuwa, wani direba ne ya fara cewa "Tsaya". Ya ari cokali wurin mai shayi ya nufi bakin Gajere da shi. Nas ta tare shi, ta yi bayanin cewa cokali haƙori yake karyawa, kuma babu mai haɗiye harshensa. Wata mata ta shigo da ruwa za ta sheƙa masa, ita ma aka nuna mata illar hakan. Nas ta nuna yadda ake yi: a janye abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, a juya shi gefe, a jira. Ta ce yawunsa yawu ne kamar na kowa. Mutane suka yi ta gyaɗa kai.

Sai ma'aikatan burodi suka fara tura Sarkin Tanderu. Ya yi ta nonnoƙewa, daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya."

Ya shigo yana murmushin kunya. Ya durƙusa gefen Gajere, ya cire hularsa ya sa masa a ƙarƙashin kai, ya juya shi gefe a hankali. Har ya sa tafin hannunsa ya share masa baki. Sannan ya ɗago ya dubi Dogo, wanda ke tsaye da tumbin Oga.

"Oga," ya ce, "yaron nan namu ne. In ka kore shi, ni ma ka kore ni."

Rumfar ta ɗauki tafi. Yaya ta ji idanunta sun ciko. Ta ce a ranta ashe Malama ta san abin da take yi, ashe mutane jira suke a ba su dama.

Ƙa'idar wasan ita ce Oga ba ya sakkowa da sauƙi, sai ya ja. Dogo ya turo ciki ya nuna Sarkin Tanderu da makulli.

"Kai har ka isa ka..."

Bai ƙarasa ba. Idanunsa suka tsaya wuri ɗaya, can sama da kawunan mutane. Makullan suka zame daga yatsansa. Sai wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, gajere, kamar an matse iska daga ƙirji. Yaya ta san sautin nan tun tana yarinya. Kafin ya kai ƙasa ta riga ta fara kutsawa.

'Yan kallo kuwa dariya suka fashe da ita.

"Oga ma ta kama shi."

"Alhaki ne, ku bar shi ya ɗanɗana."

"Yaron nan ya iya wasa, kai ka ce gaske ne."

Sarkin Tanderu, da zaƙin tafi bai bar kunnensa ba, ya saki Gajere ya ja gwiwa zuwa wurin Dogo. Ya ɗaga kansa ya ɗora a cinyarsa, yana duban jama'a yana murmushi, aka ƙara masa tafi. Yaya tana ta cewa a ba ta hanya, babu mai jin ta. Ta tsakanin kafaɗun mutane ta ga murmushin nasa ya fara dusashewa. Jikin da ke cinyarsa ya sandare kamar katako, sannan ya soma fizga da ƙarfin da ba a kwaikwaya. Kumfa ta fito da jini a cikinta, domin Dogo ya ciji harshensa. Gaban wandonsa ya jiƙe.

Sarkin Tanderu ya dubi hannunsa. Ya miƙe zumbur.

Kan Dogo ya bugi siminti. Duk hayaniyar da ake yi, Yaya ta ji ƙarar.

"Ta gaske ce," wani ya faɗa, maganar ta bi rumfar kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Na gaba suka ja da baya da ƙarfi, benci ya kife, tiren wata mai talla ya watse. Turmutsitsin ya kwashi Yaya ya mayar da ita inda ta fito. Mata na rufe hancin 'ya'yansu da gefen mayafi. Direban da ya kawo cokali ya haye bayan mota. Waɗanda suka sami nisan da ya kwantar musu da hankali suka tsaya, suka ɗaga wayoyi suna ɗauka.

Da ta isa, Malama da nas suna durƙushe a kansa. Gajere na tsaye can gefe ya rungume hannu, ya kasa matsowa. Daga cikin duk jama'ar da ta yi tafi, mutum ɗaya ce ta shigo fili: wata tsohuwa mai sharar tasha, wadda ta ajiye tsintsiyarta ta kwance ɗankwalinta ta cusa a ƙarƙashin kansa. Jini ya riga ya jiƙa shi. Ta ɗora hannunta a kan goshinsa.

Yaya ta zare matashin daga cikin rigar Oga don ya samu numfashi. Da ta ɗaga kai neman mota, ta hango Sarkin Tanderu a bakin famfo. Ya tuɓe rigarsa ya jefar, yana dirzar hannunsa da sabulu da yashi har gwiwar hannu, wani yaron aikinsu na zuba masa ruwa daga nesa.

Babu direban da ya yarda ya ɗauke su. Gajere ne daga baya ya dawo hayyacinsa ya kawo tasinsa.

A asibiti aka yi wa Dogo ɗinki a ƙeya. Da ya buɗe ido ya daɗe yana kallon silin, sannan ya ce da harshe mai nauyi, "Yaya, na ƙarasa wasan?"

"Ka ƙarasa," ta ce.

Ya shafa wandon asibitin da aka sauya masa. Ya juya fuska bango, bai sake tambaya ba.

Malama na zaune a baranda, jini ya bushe a hannun rigarta. Ta miƙe da ta ga Yaya.

"Ban san abin da zan ce miki ba."

"Kada ki ce komai, Malama. Wancan karon a ɗaki ɗaya ya faɗi, mutum goma suka gani. Yau kin tara masa gari."

"Kin ga yadda suka saurara kafin..."

"Na gani. Sun iya tausayin mai lafiya in ya kwanta yana wasa." Ta ji muryarta na neman tashi, ta danne. "Ke gobe za ki tafi wata tashar da wani labarin. Mu a nan za mu kwana."

Malama ba ta kare kanta ba. Ta koma ta zauna, ta rufe fuska da tafin hannu. Yaya ta so ta ji sanyi da ta faɗi maganar, amma ba ta ji ba, domin ta san ita ma ta yi tafi, ita ma ta yarda.

Kafin a sallame su bidiyon ya zagaye unguwa. Wani ya sa masa kiɗa. Yara suka samu sabon wasa a layi: ɗaya ya cusa tsumma a riga, ya ce "Kai har ka isa", ya zube, sauran su watse da ihu. A gidan hayar da suke, maƙwabta suka daina barin bokitinsu a bakin famfo. Mai shagon wanki ya kira Yaya gefe ya tambaye ta, cikin ladabi, ko abin a jininsu yake. Ya ce ba don shi ba, don masu kawo kaya. Ya mayar da ita can baya wurin wanki, inda ba mai ganin ta.

Dogo ya daina fita. Ya daina kwaikwayon kowa. Yakan zauna a bakin katifa ya yi shiru har abincin da ta ajiye masa ya huce. Malama ta zo sau da yawa, ya gaishe ta da mutunci, amma da ta ce 'yan ƙungiya na tambayarsa sai ya ce a gaishe su. Sarkin Tanderu bai zo ba. Sau ɗaya Yaya ta haɗu da shi a hanya, ya tsallaka titi ya shiga shagon da ba abin da zai saya.

Wata ranar hutu da hantsi aka yi sallama, sai ga tsohuwar nan mai shara. Ta zauna a ƙasa duk da an ba ta kujera. Ta yi ta gaisuwa tana maimaitawa, tana murza bakin zaninta, kafin ta kai ga abin da ya kawo ta.

"'Yata ce," ta ce. "Ta girmi ƙanin nan naki. Tun tana budurwa take faɗuwa. Muna rufe ta a ɗaki in zan fita aiki, kwanonta daban, kofinta daban. Ni na ɗauka iska ce. Ranar nan na ji ma'aikaciyar asibitin nan ta ce akwai magani." Ta dubi Dogo. "Ɗana, da gaske yana aiki? Na ga kai ma ka faɗi."

Dogo ya ɗago ya dube ta. "Yana aiki, Inna. Da ba na sha, da kullum ne. Yanzu sai jefi-jefi."

Ya tashi ya ɗauko kwalin maganinsa ya nuna mata. Washegari Yaya ta nemi izini a wurin aiki ta raka su asibiti. 'Yar tata mace ce siririya, da tabon ƙuna a hannu, tana ƙifta ido a rana kamar wadda ta manta da ita. A mota ta riƙe gefen rigar Yaya har suka isa.

Da Malama ta ji labarin ta yi kuka. Yaya ta bar ta ta gama. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba, ta dai zuba mata ruwa ta sha.

Wannan bai mayar wa Dogo da unguwarsa ba. Wani abokin marigayi mahaifinsu ya samo masa aiki a gonar kaji, a wani gari mai nisa inda babu wanda ya san shi. Yaya ta ce ko za a faɗa wa mai gonar tun farko, don a san yadda za a yi in ta taso.

"A'a," in ji Dogo. "Na gwada faɗa wa mutane, Yaya."

Ba ta yi musu ba. Ta ɓare ƙwayoyin daga kwalinsu ta zuba a gwangwanin alewa don kada wani ya karanta sunan. Ta ɗinka masa ƙaramin aljihu a cikin wando. Suka shirya cewa tabon ƙeyarsa daga babur ya faɗo. Ranar tafiya ya ƙi bi ta tashar unguwarsu, sai da suka yi doguwar tafiya da jaka a ka zuwa wata tashar a ƙarshen gari. Ya zauna kusa da taga, ya ja hula ta rufe tabon. Da mota ta tashi ya ɗaga mata hannu sau ɗaya.

Ƙungiyar Malama ta ci gaba da wasan a wasu wurare, wani ne yake fitowa a Oga. Yaya ta ji an ce yanzu in an gama, Malama kan ba da labarin abin da ya faru a tasha, ta tambayi masu tafi ko za su tsaya in ta gaske ce, kuma wurin kan yi tsit. Yaya ba ta sake zuwa kallo ba.

Dogo yakan kira ta a ƙarshen mako. Ya ce aiki lafiya, kaji na da yawa, mutanen wurin ba su da matsala. Ita kuma takan manna wayar a kunne ta toshe ɗayan da yatsa saboda ƙarar injin wanki, ta yi ta ja masa hira, tana tambayar abin da ta riga ta tambaya. Ba amsar take bi ba. Harshensa take saurara, ko ya yi nauyi irin na wanda ya cije shi.